Kumburin Halimatussa'adiya

Tururi ya cika ɗan banɗakin kwano har mutum ba ya ganin tafin hannunsa, Halimatussa'adiya kuwa tana zaune a kan kifaffen turmi tana neman numfashi kamar wadda aka danna kanta cikin rijiya. Ba ta jima da haihuwar 'yarta Zaitun ba, wankan jego ake yi mata. Yayar mijinta, Yaya Babba, ita ke tsoma ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata a baya da ƙirji, kowane bugu sai yarinyar ta ji zuciyarta ta yi tsalle ta koma ta faɗi.

"Yaya, don Allah ki dakata... numfashina... wallahi ba ya kaiwa ƙasa."

"Numfashin naki na gwal ne? Mata nawa na wanke daga nan unguwar Briketeri har Nkomkana, ba wadda ta narke a hannuna, sai ke 'yar gata? Miƙe bayanki, ga kunu can yana hucewa!"

'Yar gata! Wane gata ne da marainiyar da ubanta tela ya rasu tana rarrafe, uwar ta bi shi kafin ta iya ɗaura zane? Wata tsohuwar maƙwabciya ce ta raine ta, ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Gatanta ɗaya a duniya shi ne Sadisu, dillalin shanu a kasuwar Etudi, wanda ya gan ta ya so ta ya aure ta. Shi ma ana gama suna ya hau jirgin ƙasa ya nufi arewa sayen shanu, ya danƙa ta a hannun yayarsa yana cewa, "Ga ki ga Yaya, ai ko sarauniya ba ta sami mai wanka irin taki ba." Gaskiya ya faɗa. A duk unguwar Briketeri, in mace ta sauka, Yaya Babba ake nema. Kununta na kanwa ya yi suna, kauri gare shi, kanwar har tana ɗaci, kuma ta yi imani har cikin ranta cewa shi ke wanke cikin maijego ya kawo nono.

Sa'adiya, kamar yadda ake kiranta a gida, ta riƙa shan kunun nan safe da yamma tana haɗiye tari. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga, in ta danna yatsa a ƙwauri sai rami ya zauna. Kwanciya ta gagara, sai dai ta jingina da bango tana haki da jaririya a cinya. Yaya Babba ta ce jikin jego ne, alamar wanka yana shiga. Sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, kumfa na fita daga bakinta, matan gidan suka sa salati, sannan aka tare taksi. Yaya Babba ce ta raka ta, tana ƙunƙuni tun daga lungu har ƙofar asibiti.

Likitar zuciyar da ta duba ta wata dattijuwa ce 'yar kudu, wadda ta yi shekaru tana aiki a garin Garwa can arewa har ta iya Hausa gwargwado. Bayan an yi wa Sa'adiya allurai ruwan jikinta ya ragu, an haska ƙirjinta da na'ura, sai likitar ta zaunar da su su biyu, ta jawo kujera kusa.

"Ma fille, 'yata, zuciya famfo ce. Taki ta gaji bayan haihuwa, ta saki, ba ta tura jini yadda ya kamata. Shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafarki da huhunki. Ba hukuncin mutuwa ba ne, na ga mata da yawa sun warke sun aurar da 'ya'yansu. Amma sai kin taimake ta. Waɗannan ƙwayoyi kullum za ki sha, ko kin ji sauƙi kada ki daina, ba sa cutar da jaririya. Ɗaya zai sa ki yawan fitsari, aikinsa ke nan, ruwan yake fitarwa. Gishiri da magi ki yi nesa da su. Kanwa kuwa ko ɗanɗane! Ruwan sha kada ya wuce babbar gora ɗaya a yini. Ki tara matasai ki kwanta kanki a sama. Kowace safiya ki hau sikeli, in kika ga kin ƙaru da deux kilos, wato kilo biyu, cikin 'yan kwanaki, ruwa ne, ki zo nan da nan."

Sai ta juya ga Yaya Babba, ta sassauta murya cikin girmamawa. "Madame, na san wankan jego, na san kunun kanwa. Ba na zagin al'adarku. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafin wankan nan kuma yana wahalar da zuciyar da ta riga ta gaji. Ki yi mata da ruwa mai ɗumi kawai. Kuma ki ji wannan da kyau: in ta bar magani ta koma kanwa, ruwan zai dawo. Zai fara da ƙafa, ya hau ciki, cikin ya yi girma har ki rantse juna biyu gare ta. Daga nan sai abin da Allah ya yi."

"Na ji, Dokta," in ji Yaya Babba, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Sa'adiya ta dawo gida ta riƙe maganar likita kamar karatun sallah. Ta nemi 'yar tukunya tana dafa miyarta daban, lami, sai albasa da tafarnuwa da ɗan lemun tsami su taimaka mata ta haɗiye. In ƙishi ya dame ta gorar ta kusa ƙarewa, sai ta kuskure baki ta zubar. Sikeli ne ya zama matsala, don ba mai shi a gidan. A bakin lungunsu akwai shagon Malam Alim mai sayar da wake da masara da shinkafa, yana da ƙaton sikelin buhuna a can ciki. Ta sanar da Yaya Babba, ta je ta roƙe shi cikin jin kunya.

Malam Alim ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ikon Allah! Shekara da shekaru ina ɗora wake, yau ga buhun da yake gaishe ni. Hau, Maman Zaitun, hau. Cinquante-huit, kilo hamsin da takwas! Ko buhun shinkafa kaɗan kika fi."

Saboda kunyar idon masu ciniki, da sassafe take zuwa, ta zagaya bayan buhuna ta hau, ya faɗa mata lamba, ta yi godiya ta koma. Jikinta ya fara dawowa. Ƙafa ta saɓe, tari ya tafi, har ta iya goya Zaitun ta hau gangaren masallaci ba ta tsaya hutawa ba. Tana yawan ɗaga 'yar sama tana cewa, "Ke da maraici sai dai ki ji labari, da yardar Allah. Ni na ɗanɗana ya ishe mu."

To, a nan ne abin yake da ɗaure kai. Yaya Babba ba a haife ta da mugunta ba. Hannun nan nata ya tallafi mata da yawa a ranakun da ba su da kowa. Amma labari ya zaga unguwa cewa kanwa ce ta kusa kashe matar ƙaninta, sai ga wata Hajiya da ta riga ta yi mata maganar wankan 'yarta ta aiko cewa a bari, sun fasa. Bayanta wata ta biyo. Matar da ake shimfiɗa wa darduma a gidan suna, yau ita ake yi wa gaisuwar tsaye! Duk sanda ta ga 'yar tukunyar lamin nan a kan murhu, sai ta ji kamar ana shelanta laifinta ne. Lafiyar Sa'adiya ta zame mata shaida a kanta, kullum tana yawo a tsakar gida. Mutum yakan iya jure ganin wanda ya cuce shi, amma ganin wanda yake tuna masa kuskurensa safe da yamma, wannan sai mai ƙarfin imani.

Sai ta ɗauki waya ta kira ƙaninta.

"Sadisu, matarka ta raina ni. Ba ta cin girkina, wai ina zuba mata abin da zai kashe ta. Ƙwayoyin Nasara take haɗiya, duk ƙarfinta ya tafi a fitsari, nono ya tsinke, 'yarka tana ramewa. Ni da na goya ka, yau ni ce mai kisa!" Ta fashe da kuka.

Sadisu, wanda cinikin shanu ya ja shi har bakin iyakar Cadi, kansa ya yi zafi, ya ce a ba Sa'adiya wayar.

"Baban Zaitun, ka saurare ni, likita ce ta ce..."

"Likita ce ta aure ki? Ai kin warke! Ki ba Yaya magungunan nan, ki ci abin da ta ba ki. Asibitin ma ban yarda ki koma ba sai na dawo. Ban son ƙarin magana."

A gaban idonta Yaya Babba ta ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta watsa a kwatar da ke bi ta ƙofar gida, ta kife 'yar tukunyar, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kanta. "Shanye a gabana." Sa'adiya ta dubi kofin, ta dubi 'yarta, hawaye na zuba cikin kunun. "Yaya, kina wurin fa... da kunnenki kika ji..." "Na ce shanye!" Ta sha. Ya Allah, wace irin biyayya ce wannan da ake auna ta da ran mutum?

Ba a daɗe ba ruwa ya dawo, daidai yadda likitar ta faɗa. Ƙafa ta cika, cinya ta cika, sannan ciki ya fara tasowa. Abinci ya daina zama, tashin zuciya ya addabe ta. Abu ɗaya da ba a hana ta ba shi ne sikelin Malam Alim, ta ci gaba da jan ƙafa tana zuwa, tana jin lambar na hawa kamar ana ƙirga mata sauran kwananta.

"Soixante-six, sittin da shida," in ji Malam Alim wata safiya, wannan karon ba dariya. "Maman Zaitun, wannan ba ƙiba ba ce. Ashiya, sannu. Bari in tura Habiba ta yi wa Yaya Babba magana, a kai ki asibiti."

Habiba matarsa ta je da sallama da ladabi. Yaya Babba ta saurare ta har ta gama, ta dubi cikin Sa'adiya da ya turo riga, ta dubi matan gidan da suka kasa kunne. A daidai wannan lokacin hanya biyu ce a gabanta. Ta ce, "Na yi kuskure, ku tare taksi," ko kuwa ta samo wa kumburin nan wani suna. Ta zaɓa.

"Au, mijinki ne ya aiko ki? To me ya haɗa shi da cikin matar mutane da har ya dame shi haka?" Ta tafa hannu ta ɗaga murya. "Jama'a, ku zo ku gani! Ƙanina rabonsa da garin nan tun ranar suna, ga matarsa da ciki! Kullum da sassafe tana bayan buhunan Alim, wai sikeli take hawa. Sikeli! Yau ga abin da sikelin ya auno mana!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Sa'adiya ta dafe bango. "Yaya, ki ji tsoron Allah... ruwa ne, kin san ruwa ne!"

"Ruwa mai tashin zuciya? Ruwa mai ƙin abinci? Ni za ki koya wa ciki? Kawo yarinyar nan, ba za ta sha nonon ciki ta lalace a gabana ba!"

Ta fizge Zaitun daga hannunta. Jaririyar ta tsala ihu tana miƙo hannuwa, uwar ta yunƙura za ta bi, numfashi ya ƙi, ta zube a ƙasa tana jan ciki. "Ku bar min 'yata... ku ce min komai, ku bar min 'yata... Zaitun!" Ba wadda ta motsa. Matan da take yi wa kitso kyauta, kowace ta ja mayafi ta shige ɗaki.

Kafin magariba maganar ta kai wurin masu tsire a bakin titi, washegari ta isa har kasuwar Mokolo. Aka daina sayen wake a shagon Malam Alim, yara suka riƙa jifan ƙofarsa, Habiba ta daina fita ko gidan biki. Sa'adiya kuwa aka bar ta ita kaɗai a ɗaki, a jingine da bango, tana jin kukan 'yarta ta katanga ana ɗura mata madarar gwangwani. Nono ya cika ya yi mata tsami, daga baya ya ƙafe. Ba ta iya sujada, sai dai ta yi sallah a zaune da ishara. Amma wani abin mamaki, duk da hawayen da ba ya tsayawa, ba ta taɓa shakkar yadda abin zai ƙare ba. Addu'arta ɗaya ce: "Ya Rabbi, kai ka san abin da ke cikin nan. Ban roƙe ka ka ɓoye ni ba, roƙona ka tona ni. Ka ba zuciyar nan ƙarfi ta kai ranar, kada 'yata ta tashi ana nuna ta da sunan da ba nawa ba."

Sadisu ya dawo a fusace, ko gida bai shiga ba ya wuce zauren Malam Siddiƙ, limamin unguwa, ya ce ya zo ne a shaida zai saki matarsa. Malam, dattijo ne da ba ya gaggawa, ya ce ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Bayan la'asar aka taru. Mata biyu ne suka riƙo Sa'adiya, leɓɓanta sun yi duhu, ƙafafunta kamar turame. Sadisu ya ga cikin, ya kau da kai yana huci. Malam Alim ya rantse har muryarsa ta dushe. Yaya Babba ta zuba nata tana share hawaye da gefen mayafi.

"'Yata," in ji Malam, "me za ki ce?"

Ta daɗe tana tara numfashi. Da ta buɗe baki, kalma ɗai-ɗai take fita, amma ba rawa a cikinta.

"Allah gafarta Malam... ba zan yi rantsuwa ba. Malam Alim ya yi, ba a yarda ba. Abin da ake gardama a kansa... ga shi nan a jikina, bai gudu ba. A kai ni asibiti, a haska. In an ga ɗa... na yarda da duk hukuncin da addini ya yanke. In ba a gani ba... a ba ni 'yata."

"Asibiti!" in ji Yaya Babba da sauri. "Ai can ake zubarwa a rufa asiri! Malam, kada a biye mata."

"To sai ki zo ki tsaya a kanta, Babba, ke da kika san ciki," in ji Malam yana jawo sandarsa. "Ni ma zan je. Sadisu, nemo mota."

Suna isa ma'aikatan jinya suka ga halin da take ciki, suka ɗora ta a gado da gudu, aka sa mata iskar numfashi, aka ɗaura allura a jijiya. Likitar nan dattijuwa ta fito, ta dubi marar lafiyar, ranta ya ɓaci.

"Mon Dieu, ya Allah! Yarinyar da na sallama tana tafiya da ƙafarta? Ina magungunanta? Wa ya bar ta ta kai haka?"

Sadisu ya sunkuyar da kai ya ce, "Dokta, ba wannan ya kawo mu ba. Ciki gare ta, ni kuma ba na gari."

Likitar ta yi masa wani irin kallo. Ta jawo na'urar haskawa, ta kira shi shi da yayarsa, Malam yana tsaye a bayan labule yana ji. Ta shafa mai a cikin, ta ɗora, ta juya allon wajensu. "Ga mahaifa. Ka gani? Fayau, ba kowa a ciki. Wannan baƙin da ya kewaye ko'ina kuma ruwa ne, Monsieur. Ruwan da zuciyar matarka ta kasa turawa." Tana faɗin haka idonta ya sauka a kan Yaya Babba, wadda ke ja da baya tana gyara lulluɓi. Likitar ta tsaya cak.

"Madame... ba ke ce kika kawo ta wancan karon ba? Ba ke na zaunar a kujerar can na ce miki in ta bar magani ta koma kanwa cikinta zai yi girma kamar mai juna biyu ba? Kika ce min kin ji?"

Sadisu ya juyo ya dubi yayarsa.

"Yaya..." Muryar Sadisu ta fito kamar ta ƙaramin yaro. "An faɗa miki? Kin sani?"

"Ni... ai nono nake nema wa 'yarka... kanwar nan da ita aka wanke uwarmu..."

"Ba kanwa na tambaye ki ba! Ranar da kika tara mata jama'a, kin san ruwa ne?"

Yaya Babba ta rufe fuska da mayafi. Ta sulale ta zauna a ƙasa. Daga bayan labule aka ji Malam Siddiƙ yana maimaita "La haula wa la ƙuwwata illa billah," Sadisu kuwa ya kifa kansa a ƙarfen gadon yana kuka kamar ransa zai fita.

Sa'adiya ta yi kwanaki tsakanin rai da mutuwa, sannan Allah ya juyo da ita. Allurai suka yi ta fitar da ruwan, cikin da aka yi wa shela ya saɓe a gaban idon duk mai zuwa dubiya. Aka mayar da ita kan ƙwayoyinta, ana ƙara su a hankali. Likitar ta zaunar da Sadisu ta karanta masa karatun da ta yi wa yayarsa, ta ƙara da cewa zuciyar ta sha wuya sau biyu, maganin zai ɗauki lokaci mai tsawo, wataƙila har iyakar rai, kuma kada a yi maganar wani cikin sai ita ta ce zuciyar za ta iya ɗauka. Ya amsa da to, ya sake amsawa.

Da suka kaɗaita ya durƙusa a gefen gadon. "Sa'adiya, ki yafe min. An ruɗe ni ne."

Ta juyo ta dube shi. "Baban Zaitun, ita Yaya na gane nata. Sunanta take tsoron ya zube, ta ɗauki nawa ta tare. Kai fa? Me kake tsoron ya zube da ka kasa ba ni minti ɗaya a waya? Ni fa ba ni da uba, ba ni da wa. Kai ne duka."

Ya sunkuyar da kai. Sai hawaye.

"Na yafe," ta ce a hankali. "Ba don ka ba ni hujja ba. Likita ta ce kada in ɗora wa zuciyar nan kaya, riƙonka kuwa kaya ne. Amma gidan can ba zan koma ba, kuma daga yau maganar maganina tsakanina da likita ce."

Ya kama musu ɗaki biyu a unguwar Messa kafin a sallame ta.

Hukuncin Yaya Babba kuwa Malam Siddiƙ ne ya yanke shi a gaban dattawan unguwa. Ya ce ƙazafi babban laifi ne, a nan ba su da ikon bulala, amma suna da ikon gyara. Duk gidan da ta shiga da maganar nan, da ƙafarta za ta koma, ta tsaya a tsakar gida ta ce ƙarya ta yi, kuma tana sane ta yi. Shagon Malam Alim za ta fara zuwa, a gaban masu ciniki. Ta roƙa a sassauta, ta ce da tsufanta. Malam ya ce tsufan bai hana ta zagawar farko ba.

Haka mutanen Briketeri suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Matar da ake aika wa mota a ɗauko ta wankan jego, ga ta tana bin lungu-lungu a ƙasa, tana tsallake kwata, tana sallama a ƙofofin da a da ake fitowa a tare ta. A wani gidan a saurare ta a yi shiru, a wani a ce, "Allah ya kyauta," a juya mata baya. Tun daga ranar ba maijegon da aka sake danƙa mata. Su ma matan da suka ja mayafi suka shige ɗaki ba su tsira ba, don duk gidan da ta faɗi laifinta, sai masu gidan su tuna cewa da kunnensu suka karɓa, da bakinsu suka ƙara gaba. Layi ya dawo shagon Malam Alim, har da masu sayen abin da ba su buƙata don kunya.

Ƙofa ta ƙarshe a Messa take. Ranar da aka sallamo Sa'adiya, tana zaune a kan katifa, Habiba na gyara mata kaya, sai aka yi sallama da wata murya da ta dushe. Yaya Babba ce, ta rame, ƙura har gwiwa, da goyo a bayanta. Ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Halimatussa'adiya... na zaga ko'ina, saura ke. Ƙarya na yi miki. Ina sane na yi." Kuka ya ci ƙarfinta. "Ki yafe min, ko kada ki yafe, duk wanda kika yi daidai ne."

Sa'adiya ba ta ma ji ƙarshen maganar ba. Idonta na kan 'yan ƙafafun da ke leƙowa ta gefen zane.

"Kwanto min ita, Yaya."

Aka kwanto Zaitun. Ta yi girma, har haƙori ya fara leƙowa, haƙorin da uwarta ba ta ga fitowarsa ba. Da aka miƙa ta, sai ta dubi fuskar da ta rame, ta tsuke baki, ta juya tana neman bayan da ta saba da shi. Wannan ya fi duk abin da ya gabata ciwo! Habiba ta toshe baki, Sadisu ya fita waje da sauri. Amma Sa'adiya ba ta karaya ba. Ta rungume ta a hankali, ba nono da za ta ba ta, sai ta shiga jijjiga ta tana kiran sunanta ƙasa-ƙasa, "Zaitun... Zaituna ta... ni ce, ban tafi ba... ban tafi ko'ina ba." Yarinyar ta yi kuka, ta yi turjiya, ta gaji. Can sai ta yi shiru, ta ɗago ta ƙura wa mai maganar ido. Ta kai ɗan hannunta ta damƙi wuyan rigar uwarta, ta riƙe gam.

"Alhamdu lillahi," in ji Sa'adiya, hawaye na sauka a kan gashin 'yar. Sai a lokacin ta tuna da matar da ke durƙushe a bakin ƙofa. "Tashi, Yaya, na yafe miki. Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ki gaida gida."

Yaya Babba ta miƙe da ƙyar, ta naɗe zanen goyon da ba kowa a cikinsa, ta fita. Habiba ta tura ƙofar ta rufe a hankali, don kada ƙarar ta tashi yarinyar da barci ya fara ɗauka a ƙirjin uwarta.